Wutar Ɗakin Goggo Saude

Guangzhou, Fabrairu 2008

Zuwa ga Mas'uda,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya daɗe rabonsa da gida, da fatan ke da maigidanki da yara kuna lafiya. Ni ma lafiya lau, in ban da mura da ta ƙi sakina.

Kada kanki ya kumbura, ba kewarki ce ta sa na ɗauki biro ba. Ɗan namiji ba ya rubuta wa baiwarsa takarda haka kawai. Alhaji Tankari, wanda muke haɗa kaya a kwantena ɗaya, shi ya sauka jiya ya ce ya ji a Jalingo an kwantar da mahaifiyarki Goggo Saude a asibitin Gembu. Na kira lambarki har na gaji, ba ta shiga. To ga takarda ta hannunsa, zai ba direban motar Gembu. Ki faɗa mini gaskiya, kada ki rage komai. Matar nan ita ta ɗauke ni ina rarrafe ranar da aka binne mahaifiyata, ban san wata uwa ba sai ita.

Bana an yi sanyin da tsofaffin garin nan suka ce ba su taɓa gani ba. Ƙanƙara ta toshe hanyar jirgin ƙasa, mutane suka taru a tashar da ke kusa da mu a Liuhua, iya ganinki kawuna ne, kowa yana son ya je ƙauyensu bikin sabuwar shekara. Ga ruwan sama, ga ba wurin zama. Na tsaya kan gada ina kallonsu, wallahi sai suka ba ni sha'awa, don su ko ba komai gida suka nufa. Gidajen nan ba don sanyi aka gina su ba. Da rigar sanyi biyu nake kwana, in na rufe ido sai in ga ɗakin Goggo a Nguroje, wuta tana ci a tsakiya, tana gasa mini masara tana mitar na cika ci.

Ki gaishe ta. Ki ce mata ina nan zuwa.

Ubangidanki,
Hadi

*

Gembu, Maris 2008

Zuwa ga Hadi, wanda ya gudu ya bar mu da aiki,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, duk ta sha man mota. Muna lafiya, yara suna gaishe da kawunsu da ba su sani ba sai a hoto. Maganar baiwa kuwa, ka dawo tukuna mu ga wanda zai ɗauki jakar wani.

An sallami Goggo, ta koma Nguroje. Ga gaskiyar da ka nema. Tari ne ya sarƙe ta har numfashi ya gagara, maƙwabciyarta Balki ta samo mota aka kawo ta. Da likita ya duba hoton ƙirjinta sai ya tambaye ta ko tana shan taba. Ba don na riƙe hannunta ba da ya sha mari. Ya ce to hayaƙi ne, hayaƙin itacen da take kwana da shi shekara da shekaru, ya cinye mata huhu. Ya ce in tana son ta ƙara ganin wasu shekaru, ta rabu da wuta a ɗaki.

Kai ka san Nguroje. Ka san yadda gajimare yake sauka har tsakar gida da damina, ka san sanyin Disamba da yake fasa leɓe. Tsohuwa irin Goggo, a ɗaki ba wuta? Hayaƙi zai kashe ta a hankali, sanyi kuma ba zai jira ba. Na roƙe ta ta dawo wurina Gembu, ta ce ita ba ta kwana gidan suruki, ɗakin da mijinta ya bar ta a ciki nan za a ɗauki gawarta. Duk Juma'a in na tashi daga makaranta nakan hau mota in je, in dawo Lahadi. Iyakar abin da zan iya ke nan.

Na ce mata ka ce kana nan zuwa. Ta ce, "Haka ya ce bara." Ba ta faɗa da fushi ba, shi ya sa abin ya fi ci mini rai.

Mas'uda

*

Guangzhou, Mayu 2008

Mas'uda,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan jikin Goggo da sauƙi. Yau da albishir na zo, ki tanadi goron da za ki ba ni.

Na shiga baje kolin Canton neman mayafai, sai na ɓata hanya na faɗa ɓangaren kayan gini. A nan na ga abin. Murhu ne na ƙarfe, tsayinsa ya kai ƙuguna, da ƙofar gilas, wuta tana ci a ciki ja wur, amma ko ƙyallin hayaƙi babu. Na tsaya a gabansa ɗumi yana dukan ƙafafuna har mai rumfar ya fara yi mini kallon ɓarawo. Turawa suke ƙera wa shi. Ba ya cin itace, wasu 'yan dunƙule yake ci na garin katako da aka matse, felet suke ce musu, in kin ga kashin awaki kin gan su. A sama ake zubawa, shi da kansa yake sako su kaɗan-kaɗan, hayaƙin kuma ya bi bututu ya fita waje.

Iri uku suka nuna mini. Akwai babba mai jan ruwan zafi zuwa ɗakuna, wannan na gidan gwamna ne. Akwai mai rimot da maɓallai barkatai, na tuna yadda Goggo ta yi da rediyon da na aiko mata, na ce a'a. Na ɗauki ƙaramin, mai abin murɗawa guda ɗaya. Na tambayi lawban, wato maigidan rumfar, ko zai ci itacen zaiti, irin wanda muke hurawa a gida, in felet ta ƙare. Ya kaɗa hannu ya ce "meyo", babu. Don haka na haɗa da buhunan da za su kai ta sanyi biyu. Yana son 'yar wutar lantarki don fankarsa, na sayi sola da batir, tunda Nguroje da wutar NEPA sai gaisuwa daga nesa.

Maganar zuwana. Saboda wasannin Olamfik da za su yi sun tsaurara biza ƙwarai. Da can mukan tsallaka Hong Kong a sabunta mana, yanzu an ce kowa ya koma ƙasarsa ya nemo, waɗanda suka koma kuwa shiru kake ji. A masallacin Huaisheng sahu sai raguwa yake duk Juma'a. Fuseini, wani ɗan Kumasi da muke cin tuwo tare, ya tafi da niyyar sati biyu, har yau shagonsa a rufe. In na fita yanzu, shekara shida na wahala sun tafi a banza. Ki yi mata bayani yadda za ta gane. Bari wasannin su wuce.

Hadi

*

Gembu, Agusta 2008

Hadi,

Assalamu alaikum. Lafiya kuwa? Wata uku ba takarda, ba murhu, ba labari. Na hau tudun bayan makaranta inda waya take kamawa, lambarka a kashe. Alhaji Tankari ma an ce bai samu komawa ba, yana Kano. Wannan ta hannun wani yaronsa zan aiko, Allah ya sa ta same ka.

Damina ta yi nauyi bana. Itace duk a jiƙe, hayaƙinsa ya fi na kullum, Goggo tana tari har sai ta dafa bango. Na hana ta wutar, ta ce to in kawo mata abin da ya fi ta. Me zan ce?

Ranar da aka buɗe wasanninku mai shayin bakin kasuwa ya tayar da janareta ya fito da talabijin. Goggo ta ce sai an kai ta. Na ce mata Beijing daban, garinku daban, tafiyar kwana da kwanaki ce. Ta ce ba duk Caina ba ce? Ta zauna kan benci cikin maza, lulluɓe da bargo, duk sanda aka hasko 'yan kallo sai ta matsa gaba. Da aka nuno wani baƙi cikin taron ta ce, "Wancan ya yi ƙiba, ba shi ba ne." Har aka gama ba ta ga wasan wuta ko ɗaya ba, fuskoki take bi. 

In wani abu ya same ka, ka sa a gaya mini. Ni zan san yadda zan yi da ita.

Mas'uda

*

Xintang, Satumba 2008

Mas'uda,

Ina lafiya, ki kwantar da hankalinki. Ki yafe shirun. Bizata ta ƙare tun Yuni, ana tare mutane a titi ana duba fasfo, shi ya sa na bar Guangzhou na dawo nan garin masu ɗinka jins. Wani lawban da nake saye a wurinsa ya ba ni ɗaki a saman shagonsa. Na canja layi. Ba na fita sai dole, Juma'a ma ta gagare ni. Daga tagata ba abin da nake gani sai wanduna shuɗɗa a shanye. Abin da kika rubuta na talabijin, na karanta sau ɗaya na kasa sakewa.

Kwantena ta makale a tasha, amma yanzu ta isa Legas. Murhun yana hanya. Ki nemo Maidaji mai walda, shi na yarda da hannunsa. Na zana yadda za a yi a bayan takardar nan. A zuba dandamalin siminti a ɗora shi, kada ya jingina da bango ko gado. Bututun ya fita ta bango ya haura saman rufi, a yi masa hula saboda ruwa. Buhunan a ɗora su kan katako, in felet ta sha danshi ta zama gari.

Sai babbar magana. Ranar da aka kunna shi, a fasa murhunta na ƙasa, a kwashe duwatsun, a shafe wurin. Na san Goggo, in aka bar shi za ta koma masa. Kada a sake hura wuta a ɗakin nan ko ta jiƙa shayi ce. Girki Balki ta riƙa yi mata a gidanta. Ki ce ni na ce, in za ta yi fushi ta yi da ni.

Hadi

*

Gembu, Nuwamba 2008

Ranka ya daɗe injiniya,

Gaisuwa da jinjina. Yau kam na yarda ka yi abin kai, amma kada ka saba.

Murhu ya hau dutse da ƙyar, motar ta tsaya a Hawan Biyu da Sisi sai da aka sauke buhuna aka tura. Maidaji ya kwana biyu yana aiki. Takardar kamfanin duk rubutun Caina ce, ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, ya ajiye ya ɗauki zanenka. Da farko ya gajarta bututun, iska ta maido hayaƙi ciki muka fito da gudu muna tari, Goggo tana dariya tana cewa ashe na Caina ma yana yi. Ya ƙara masa tsayi, shi ke nan. Da wutar ta kama a bayan gilas unguwa gaba ɗaya ta cika ɗakin, har liman ya zo ya sa albarka.

Na cika umarninka. Da Maidaji ya ɗauko diga Goggo ta yafa mayafi ta fita bayan gida, ba ta dawo ba sai da siminti ya rufe wurin. Ba ta yi faɗa ba.

Hadi, tarin ya ragu. Tana barci har asuba, idonta ya daina ruwa, ɗakin ɗumi kamar cikin bargo. Mun shafe bangon da farar ƙasa. Likita ya saurari ƙirjinta ya ce ko wane ne ya yi wannan dabara a gaishe shi. To na gaishe ka.

Mas'uda

*

Gembu, Janairu 2009

Hadi,

Sallama. Takardarka ta murna ta iso, wadda kake cewa za ka ƙaro buhuna. Ka dakata tukuna. Ban san ta inda zan fara ba.

Tun Disamba na ga Goggo tana ramewa. Ba tari, ba zazzaɓi, amma in Balki ta kawo tuwo sai ta taɓa ta ture. In na zo sai in tarar da ita zaune gaban gilas ɗin, hannu a cinya. Na zaci kewarka ce. Ranar Asabar na tashi da sassafe ban gan ta a gado ba. Raɓa ta daskare a kan ciyawa fari fat. Na fita nema, sai ga ta tana tahowa daga gidan su Habsatou, can ƙarshen layi, tana dogara sanda, ɗaya hannun riƙe da marfin kwano da garwashi a kai. Ta shigo tsakar gida ta zubar da shi gindin katanga, ta tsaya tana kallo har ya mutu.

Balki ce ta warware mini. Ni da kai duk mun san abin, amma ba wanda ya tuna. Wutar Goggo ba ta mutuwa, takan binne gungume cikin toka ya kwana. Duk safiya matan unguwa wurinta suke zuwa ɗibar wuta, tunda itace a jiƙe yake, kananzir kuma ba kowa ke da shi ba. Wannan ta shigo da marfin tukunya, waccan da fasasshen kasko, kafin garwashi ya kama an gaisa, an ji wanda ya haihu, wadda ta yi yaji, an nemi shawarar ciwon yaro. Tun kafin a haife mu haka ake. Naka murhun ƙofarsa a rufe take, abin da yake bari toka ce kawai. Sun zo kallo satin farko, daga nan ba abin da zai kawo su. Ba ƙinta suke ba. Mace ba ta barin aikin safe ta shiga gidan mutane hannu rabbana, sai a ce gulma ta kai ta. Yanzu gidan Habsatou suke zuwa.

Shi ne Goggo take bin su can. Matar da ba ta taɓa roƙon wuta a gidan kowa ba, ita ce take fita cikin wannan sanyi da marfin kwano, don ta samu dalilin zama cikinsu. Na ce, "Goggo, me za ki yi da garwashi?" Ta ce, "To me zan ce na zo yi?"

Na shiga bayi na yi kukana. Ka faɗa mini abin da zan yi.

Mas'uda

*

Xintang, Fabrairu 2009

Mas'uda,

Na karanta. Na wuni ban buɗe wa kowa ƙofa ba.

Ni da aka sha aika da garwashi gidan Balki, ni ne na zauna a nan na zana yadda za a shafe wurin da siminti. Huhunta kawai na gani. Ban yi nadamar murhun ba, don na ji daɗin watannin da ta yi barci. Amma na san zaman ɗaki mai ɗumi wanda ba mai turo ƙofarsa, cikinsa nake yau wata takwas. Ba zan so wa Goggo shi ba.

Ko Maidaji zai yi mata rumfa a tsakar gida, a mayar da wutar can, ta riƙa kwana da murhuna a ɗaki? In hakan bai yi mata ba, na janye maganata. Kada ki ce mata ga abin da likita ya ce ko ga abin da Hadi ya ce, duk ta sani. Ki tambaye ta abin da take so, ki yi mata shi.

Hadi

*

Nguroje, Afrilu 2009

Hadi,

Assalamu alaikum. Daga ɗakin Goggo nake rubutu, na ɗauki hutu a makaranta.

An yi rumfar. Ba ta yi ba. Iska tana cinye gungumen kafin asuba, matan kuma ba mai iya tsayawa a waje, sai su ɗiba su wuce. Sai na tambaye ta kamar yadda ka ce. Ta nuna mini ƙarƙashin gado da sanda. Duwatsun murhunta uku suna nan, ashe tun ranar da aka fasa shi ta sa aka kwaso mata su daga bola. Maidaji ya fasa simintin da shi da kansa ya zuba, aka mayar da duwatsun aka hura wuta.

Washegari kafin rana ta fito na ƙirga takalma a bakin ƙofa har na bari. Goggo tana tsakiya tana tona toka, tana yi wa Habsatou tsiya wai wutarta ba ta da auki. Ta cinye tuwonta ta nemi ƙari. Murhunka yana nan, ta rufe shi da zane mai kyau ta jera kwanukanta a kai, duk wanda ya shigo sai ta ce ɗanta ne ya aiko daga Caina.

Tarin ya dawo, ya fi na da. Shekaranjiya na ga jini a tsummanta, ta ɓoye, na yi kamar ban gani ba. Likita ya zo har gida. A waje ya ce mini kada mu sa rai da wata damina bayan wannan. Ita kuwa ta ce in rubuta maka ta gode, Allah ya yi maka albarka, kuma kada ka tayar da hankalinka ka bar neman abincinka.

Na isar da saƙonta. Ga nawa. Ba zan ce ka zubar da shekarunka bakwai ba, na san in ka fito ba komawa. Amma ina zaune gefenta kullum da safe, ina ganin abin da take yi. In matan suka fara shigowa tana amsa gaisuwarsu ɗaya bayan ɗaya, in ta ƙarshe ta shigo, sai Goggo ta ɗaga kai ta leƙa ko da wani a bayanta.

Mas'uda

*

Guangzhou, Mayu 2009

Mas'uda,

Na kai kaina ofishinsu na shige da fice. Sun buga mini hatimin fita, sun ce kada in dawo. Na bar wa lawban sauran kayan ya sayar. Wanda zai ba ki wannan ya riga ni tashi da kwana kaɗan, ina bayansa.

Kada ki faɗa mata rana, hanya ba ta da tabbas. In na iso Nguroje da yamma zan kwana gidan liman. Ki gaya wa Balki, da safe in za su shiga su jira ni a ƙofa, su duka su wuce gaba. Ni zan shigo a ƙarshe.

Ki riƙe mini ita, Mas'uda. Don Allah ki riƙe mini ita.

Hadi